Bahon Ƙosan Alhaji Mamuda

Ban taɓa mantawa da ranar da na gudu da bahon ƙosai a bakin aiki ba. Ni leburan asibiti ne a Kura, shara da ɗauko-kai. Lokacin girbin shinkafar rani wasu likitoci suka zo daga Kano ɗibar jinin manoma, suka ɗauke ni in taya su. Shugabarsu, Dakta Hadiza, ta ce wai kitsen jiki ba zaman banza yake ba, yana zuba wasu sinadarai a jini. In an auna su, ana gane wanda ƙiba ta fara yi wa ɓarna, da wanda jikinsa ya daina jin maganar insulin, abin da ke sauke sukari. Amma sai an ɗiba kafin mutum ya karya.

"Malam Sule, aikinka bakunansu," in ji ta. "In suka ci, mu tafi neman wasu a Bunkure, kai ka koma tsintsiya."

A rumfar injin casar Alhaji Mamuda aka yi, mutum mai tumbi kamar buhun shinkafa shanshera. Manoma sun jeru kan buhuna, ana ɗaura wa na farko igiya a hannu, sai ga Alhaji da direbansa riƙe da bahon ƙosai yana tururi.

Na ce, "Alhaji, ba a ci."

"A rumfata? Mutum ya zauna min da yunwa, gobe a ce Mamuda ya karye? Kai da ka bushe kamar karan dawa, kar ka shafa wa jama'a. Bismillah, ku matso!"

Na ga hannuwa sun taso. Ban yi shawara da kowa ba, na sure bahon, na faɗa ɗakin ajiyar dusa, na danna sakata.

Aka hau dukan ƙofa. "Ɓarawon ƙosai!" Wani dattijo ya kwantar da murya: "Sule, ɗana, turo guda ta ƙasan ƙofa, ba wanda zai sani." Ga zafi, ga dusa a hanci, ni ma ban karya ba.

Daga ciki na ji Dakta tana lallashi: "Ranka ya daɗe, wanda aka ɗibi jininsa ya fi bukatar abinci. Ka ciyar bayan allura, ladan ya fi. Kuma babba ake farawa da shi." Can na ji Alhaji ya ce, "Wash! A hankali, 'yar nan."

Da aka gama ɗiba na buɗe, ƙosai ya huce, aka cinye ana zagina. Da sakamako ya fito, aka ce wa Alhaji ya rage tumbi tun sukari bai kama shi ba. Har yau ni yake zargi. Ni dai ban koma tsintsiya ba.

Abin da na koya, mutanenmu ba a hana su kyauta, sai dai a matsar musu da lokacinta. Yanzu duk ƙauyen da za mu, ni nake riga zuwa wurin mai gida in ce, "Bayan allura, Alhaji. Kuma a sa yaji."