Tandun Kwallin Gwaggo

Jiya ina kakkaɓe ɗakin Gwaggo, yayar mahaifina, a gidanmu na Zaitawa, sai tandun kwallinta ya faɗo daga bayan madubi. Har yanzu yana ƙamshin man shanun hannunta.

Ita a wurinta duk ciwon ido kwalli ne maganinsa. Shekara da shekaru tana susa, tana rangaɗa kwalli, tana cewa, "Ido ɗan gata ne, ado yake so." Da ma mun yi mata gardama.

Sai da ta fara laluben buta da rana tsaka muka kai ta asibiti. Likita ya ce ƙananan tsutsotsi ne, daga cizon ƙudan bakin rafi, can rugar danginta da take zuwa duk damina. Ya ba ta ƙwayoyi.

"Hajiya, za su kashe tsutsar, amma ganin da ya tafi ba zai dawo ba."

Ta juyo inda take jin numfashina. "To, 'yar nan, ke za ki riƙa gaya mini in kwallin ya zauna."

Kullum da safe sai ta shafa da lalube, ta tambaye ni.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Ya zauna.