Gayyar da Jarumin Japan Ya Kusa Watsa Mini

A daminar da nake ba da labari, ciyawa ta kusa cinye mini masara a gonata ta Malikanchi, kuma ba kowa ya jawo ba sai bakina da wani jarumin fim na ƙasar Japan.

Mu goma sha biyu ne muke gayya. Yau a taru a nome gonar wannan, jibi ta wancan, mai gona ya kawo tuwo da fura, shi ke nan. Bayan fartanya, abin da ya haɗa mu shi ne wannan fim mai dogon zango. Wani mutum ne salihi, idan dodanni suka far wa gari sai ya murɗa ɗamararsa ya rikiɗe ya koma jarumi mai jar hular kwano. Duk ranar kasuwar Makarfi ɗayanmu zai je wajen masu tura fim a waya ya ɗauko mana sabon kashi da fassarar Hausa, mu zauna gindin darbejiya bayan la'asar, kawuna a haɗe kan waya ɗaya.

Wata rana malamin firamaren da ke cikinmu, ɗan kudancin Kaduna wanda ya fi ni iya riƙe fartanya, ya karanto mana cewa masu fim ɗin za su yi wa mai jar hula ritaya, su miƙa ɗamarar ga wasu matasa biyar. Nan take majalisa ta dare biyu. Ni na ce gara haka, mutumin ya tsufa, tsalle ma yanzu sai ya yi shawara yake yinsa. Taubashina, ɗan kawuna mai walda a Ikara, ya ce sam bai yarda ba. In ma dole sai an miƙa, a cewarsa, ai ɗamara gado ce, ɗan cikinsa ya kamata a ba, ba bare ba. Muka yi ta yanke wa mutanen Japan hukunci kamar suna bakin ƙofa suna jiran amsarmu. Har rabon gadon aka zana a ƙasa da tsinke.

Ni kuwa Allah ya yi ni ba na son a kayar da ni a musu. Da hujja ta ƙare mini, na dubi taubashina na ce ai dole ya kare tsoho, tunda shi ma furfura ta yi masa sallama, gwiwarsa kuma ƙara take kamar ƙyauren da bai ga mai ba. Irin wannan wasan halal ne tsakaninmu, mun saba. Amma ranar bai rama ba. Ya sa takalminsa ya hau babur, mutum biyar suka bi shi.

Saura kwana biyu a zo gonata saƙo ya iso, wai ba za su nome wa wanda ya ci mutuncin dattijo ba. Wane dattijon, na fim ko na walda, ba a fayyace mini ba. Na je na tsaya a bakin gonar. Ciyawa ta kai gwiwa, ganyen masara ya fara komawa ɗorawa, mu shida kuwa ba za mu gama ta a yini ba. Hankalina ya tashi sosai, don abincin gidana na shekara ke nan. Matata ta ce in je in ba da haƙuri, na ce gara a rasa masarar. Ƙarya nake yi, ita ma ta sani.

Malamin ne ya samo mafita. Ya je har Ikara ya ce a raba gonar biyu, shida nan shida can, ɓangaren da ya riga gama kunyoyinsa maganarsa ce gaskiya, a rufe musu. Taubashina ya ce to a tanadi fura mai yawa.

Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba. Ba hira, ba miƙe baya, sai ƙarar fartanya da haki. Mutumin da na ce ya tsufa shi ne a gaba, ko waiwaye ba ya yi. Kafin azahar sun gama nasu, suka dawo suna taya mu ƙarasa namu, kowannensu na tambayata ina matasana biyar suka shiga. Na sha tsiya har na ƙoshi, amma gonata fes, ina ta dariya kamar ni na ci.

Da aka kawo tuwo na zauna kusa da shi.

"Taubashi, ka yafe mini, bakina ne," na ce.

Ya gutsuri loma ya riƙe bai kai baki ba. "Ba furfurar ce ta dame ni ba," ya ce. "Tun muna samari muke kallon mutumin nan. Da ka ce a cire shi don ya tsufa, sai na ga ranar da ƙarfina zai ƙare, ku ma haka za ku cire ni daga gayya."

Kunya ta kama ni. Na ce masa in dai ina iya ɗaga fartanya, ko yana kwance a ɗaki ni zan fara isa gonarsa.

Ya ce to in fara da jibi, don tasa ce a gaba, kuma in zo da sassafe.