Tsummokaran da Dada ke ƙirgawa

Ranar Asabar a kasuwa na gifta gaban mai sabulun salo, warin tokar nan ya buge ni, sai ga ni tsaye a bayan banɗakin gidanmu na Sintali.

A can akwai wata igiya da namiji ba ya zuwa wurinta. Kowace budurwar gidan tana da tsummanta na al'ada, kowa da launin zanen da aka yaga mata, a nan take shanyawa in ta wanke da sabulun salo. Kakarmu, da muke ce wa Dada, ba ta taɓa yi mana maganar jiki ko ta maza ba. Kunya ba ta bari. Igiyar take dubawa kawai, in ta ga launinka a wata, hankalinta ya kwanta.

Ina shekara goma sha uku a lokacin. Yayata, Adda, tana sha shida, tana aji biyar na sakandare. Akwai wani ɗan ajinsu da ke rako ta har bakin kwalbati, iyakar abin da na sani ke nan.

Farkon damina Adda ta ja ni gefe. "In kin tashi wanke naki, ki jiƙa nawa ki shanya. Don Allah kada ki tambaye ni."

Ban tambaya ba. Ni a wautata har daɗi nake ji, wai na zama abokiyar sirrin babba. Wata bayan wata ina jiƙa tsumma mai tsabta fes ina shanyawa, Dada ta leƙa ta wuce.

Da masara ta nuna, ƙafafun Adda suka kumbura har silifas ya daina shigarta, fuska ma ta cika. Kullum tana cikin zumbulelen hijabi, kullum ciwon kai. Dada ta ce budurci ne ke cika ta, ta dafa mata tsamiya. Me za ta zarga? Ai igiya ba ta nuna komai ba.

Wata rana da hantsi Adda na tankaɗe sai ta kife, jikinta na jijjiga, ta tauna harshe. Aka fara hayaƙin aljanu tukuna, sai bayan azahar aka kai ta asibiti.

Nas ɗin, wata Bajukuna, ta fito tana faɗa da irin Hausarta: "Yarinya yana da ciki wata bakwai, ba awo ko ɗaya! Jininshi ya hau tun tuni. Ba babba a gida ne?"

Dada ta ce, "Wallahi duk wata ina ganin tsummanta."

Ina tsaye a bayanta, ban ce uffan ba. Kafin la'asar an rasa Adda da abin da ke cikinta. Har Dada ta koma ga Allah ban faɗa mata ba, kuma abin yana cina har gobe.

Yanzu ba igiya. Auduga ce a leda, yara kuwa sun san abin da mu ba mu sani ba, daga waya. Duk da haka in na je asibiti ina ganinsu a layin awo, ƙanana, wasu da wandon makaranta a ƙarƙashin zane.

'Yata ta cika sha biyar. Jiya na kira ta ɗaki, na rufe ƙofa, na shirya duk abin da zan ce. Ta zuba mini ido tana jira. Sai na ji bakina yana cewa, "Kin ci abinci?"