Malam Layi da 'Yan Tsakin Matarsa

Shekara talatin da ɗaya Malam Layi ya yi yana hedimasta a firamare, kuma babu abin da ya taɓa gilmawa ta gabansa bai sa shi a layi ba. Yara layi, malamai layi, masu talla a ƙofar makaranta su ma layi. Dokarsa guda ce: babba a gaba, ƙarami a baya. Sunansa na yanka yana can cikin takardun fansho, a unguwa kuwa har surukansa Malam Layi suke ce masa.

Da ya yi ritaya sai ya rasa wanda zai jera. 'Ya'yansa biyar duk sun kama gabansu, matarsa kuma mutum ɗaya ce, ba a yin layi da mutum ɗaya, ko da yake ya gwada. Sai ya sayi kajin ƙwai arba'in, ya kafa musu keji a bayan gida. Wata jar kaza mai masifar tsiya ya naɗa ta Monita. Kullum da safe yakan tsaya a ƙofar keji, hannuwa a baya, ya yi musu jawabi a kan muhimmancin ƙwai. Ba su taɓa yi masa musu ba, shi ya sa ya fi son su a kan duk malaman da ya yi aiki da su.

Bayan shekara biyu matarsa ta ce ita ma tana son kiwo. Ba mace ce mai yawan neman abu ba. Ta raini yara biyar, ta wanke fararen rigunan hedimasta har hannunta ya yi kanta, kuma bisa doka ita ce ke cin abinci a ƙarshe. Keken ɗinkinta ta sayar, ta sayo 'yan tsakin kajin nama guda ɗari. Ranar da aka kawo su a kwali ta zauna a kan tabarma tana kallonsu tana dariya ita kaɗai. Tunda take a gidan nan, su ne abu na farko da za ta nuna ta ce nata ne.

"Malam, mai tsakin ya ce a nisanta su da manyan kaji," in ji ta. "A soro nake son ajiye su."

"Mai tsaki ne zai koya min tarbiyya? Yaro kusa da manya yake tashi ya san ladabi."

Ya raba kejinsa biyu da ragar waya, ya zuba 'yan tsakin a gefe guda. Aikin ba da abinci ma ya karɓe, wai ita ba ta san tsari ba. Tsarin kuwa shi ne ya fara shiga wajen manya, ya tattaka kashinsu da takalminsa na roba, sannan ya tsallaka wajen yara da takalmin nan da bokitin nan. Ruwan da su Monita suka rage ma 'yan tsaki yake juye wa, don ai ragowar babba ta ƙarami ce.

A mako na uku 'yan tsakin suka fara atishawa. Idanunsu suka kumbura, suka saki fukafukai, numfashinsu yana fita da kakari. Ranar farko huɗu suka mutu, washegari tara. Manyan kuwa garau, Monita na ta zuba ƙwai tana cika unguwa da surutu. Malam Layi ya duba ya yanke hukunci cewa yaran zamani ne ba su da ƙwari.

Matarsa ba ta shawarce shi ba, ta kira likitar dabbobi. Wata 'yar gajeriyar mace ta shigo da jaka, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ƙura mata ido.

"Ke ba ke ce ta ƙarshen layi a makarantata ba?"

"Ni ce, Malam. Shekara shida cur. Don Allah a nuna min yadda ake ba su abinci."

Ya gyara tsayuwa, ya nuna mata komai daki-daki, har da juye ragowar ruwan, yana jiran yabo.

"Malam, waɗannan manyan sun yi shekara biyu a duniya," in ji ta. "Sun sha mura sun warke, sun sha rigakafi. Cutar na nan a maƙogwaronsu da kashinsu, ba ta kayar da su. Waɗannan kuwa kwanansu ashirin, jikinsu bai san komai ba. Iska na ratsa raga ta kai musu, sauran kuma takalminku da bokitinku ne ke kaiwa. Ƙananan ake fara shiga wa, sannan manyan. Mafi alheri ma kada su haɗa gida."

"Ƙarami kafin babba? A wace makarantar aka koya miki haka?"

"Ba a taku ba, Malam."

Ta ba da maganin da za a sa a ruwa, ta ce in ba a raba su yau ba, ko ɗaya ba zai kai kasuwa ba. Tana fita ya hau faɗa, wai ilimin yanzu ba kunya a cikinsa. Ya zagaya baya don ya ƙarasa faɗan a gaban matarsa, sai ya tarar da ita tsugune a gindin katanga, ta haƙa rami tana jera matattun tsakin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗago ba.

"Shekara talatin da takwas ina ƙarshen layi, Malam, ban ce uffan ba. Waɗannan kaɗai ne nawa. Su ma ragowa ka ba su."

Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban sufeto.

Kafin la'asar ya ɗauko motar haya, ya kwashe kajinsa arba'in zuwa kangon ƙaninsa a wancan gefen gari. Monita ta tsattsage shi a hannu sau biyu, bai hukunta ta ba. Ya dawo ya kankare kejin, ya wanke bokiti, ya wurga takalmin a shara. 'Yan tsaki talatin da shida ne suka tsira.

Yanzu a soro suke, inda matarsa ta so tun farko. A bakin ƙofa akwai roba cike da ruwan magani na tsoma ƙafa, da silifa guda wanda ita kaɗai ke sa shi. Ran nan da hantsi Malam Layi ya zo ya tsaya daga waje, ya yi gyaran murya.

"Ko zan iya leƙa su?"

"Jira tukuna, suna cin abinci."

Ya mai da hannuwansa baya, ya tsaya yana jira.