Tokar Iya da Gilashin Waya

Iya Rakiya, mahaifiyar babanmu, ba ta ba da tatsuniya da baki kaɗai, sai ta haɗa da zane. A kusa da layin dogo na Agege, a Legas, take tuyar ƙosai da doya, kuma da an idar da sallar magariba ciniki ya lafa, sai ta sauke kasko, ta janyo toka daga bakin murhu zuwa kan wani tsohon tire, ta bar ta ta huce. Mu jikoki mun san abin da ke tafe. Mukan kewaye ta muna ture juna, 'yan danfo, wato motocin haya, na ta kiran fasinja a bayanmu, ba wanda ke jin su.

Idan tokar ta huce, takan shafe ta da tafin hannu ta yi sumul, sannan ta ce, "To, na share gari. Wa zai shiga?" Mu ce, "Mu ne!" Sai ta ɗiga yatsa nan ta ce ga rijiya, ta ja layi can ta ce ga hanyar kasuwa. Abin da ya fi mana daɗi shi ne, idan labari ya kai inda ake tsaka mai wuya, sai ta kama yatsan ɗayanmu ta ɗora a kan tokar. "Oya, maza nuna masa inda zai bi." Duk inda ka ja, nan labarin zai nufa. Ni takan tsokane ni ta ce, "Maigidana, a hankali, wannan yatsa naka kamar taɓarya, kada ka rushe mini gari."

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta wani maƙeri. Ya ƙera wa kansa awartaki, wato abin da maƙera ke ɗauko jan ƙarfe da shi daga wuta, kuma ya yi kyau har ba a taɓa ganin irinsa ba. Da shi yana iya ɗaukar ƙwayar gero ɗaya a cikin tsakuwa. Son abin ya shiga ransa har ya daina taɓa komai da hannu. Lomar tuwo da awartaki, gaisawa da baƙo da awartaki. Da matarsa ta haihu, aka miƙo masa jaririya, sai ya sa awartaki ya ɗauke ta a hankali ta zanen goyo. Bai ji mata ciwo ba, don gwani ne, amma ta tsala kuka. Haka ta taso, duk sanda ta hango shi sai ta juya baya.

Ran nan awartakin ya suɓuce ya faɗa rijiya. Yana leƙe yana salati, sai ya waiwaya ya ga 'yar tana rarrafe ta nufi wutar maƙera. A nan Iya ta tsaya, ta ɗora yatsana a tokar. Ga rijiya a hagu, ga wuta a dama. Ni kuwa a lokacin awartakin ne ya tsaya mini a rai, sai na ja zuwa rijiya. Iya ta riƙe hannuna ta kalle ni. "Haba maigida. Ƙarfe ai yana jira, yarinya fa?" Ta mayar da yatsan nawa dama. Maƙeri ya ruga ya sure 'yarsa da hannu biyu, ya ji ɗuminta a ƙirjinsa, ita kuma ta yi tsit ta kama gemunsa tana dariya. Iya ta shafe tokar ta ce, "Gari ya tashi, kowa ya je ya wanke ƙafa."

Na girma na faɗa son gem na kwamfuta. A wani shagon intanet da ke bayan kasuwa na koya, inda oga mai shagon ke korarmu idan mun cika ihu. Hannun hagu a kan kibod, na dama a kan mawus, har yatsuna suka haddace maɓallan ba sai na duba ba. Da na fara aikin gyaran waya na samu abin kaina, na haɗa kwamfuta a ɗaki. Lokacin da gem ɗin taɓa gilashin waya ya cika gari, raina shi na yi. Gilashi ba ya gaya wa yatsa ko ya danna ko bai danna ba. Babban yatsanka ma ya rufe maka abin da kake son gani, ga gumi ya sa ka zame. Har gobe ina nan a kan bakana cewa a wasan harbi, mai mawus zai cinye mai gilashi kafin ya gyara zama.

Sai Allah ya ba ni 'ya. Iya ta riga ta rasu, na mayar da sunanta, muna kiran yarinyar Ummi. An haife ta da yatsu masu tauri, ba sa lanƙwasuwa yadda ya kamata. Cokali ma sai an ɗaura masa tsumma ya yi kauri take iya riƙewa. Tun tana ƙarama takan zo ta jingina da ƙafata idan ina wasa, tana kallon mota na gudu a kwamfuta. Ranar da ta ce, "Abba, ni ma zan tuƙa," na ji daɗi ƙwarai. Na ɗora ta a cinya, na aza hannunta a kan mawus. Ta kasa kama shi, idan ta tura sai ya gudu, idan za ta danna sai maɓallan biyu su dannu tare. Na sayo ƙarami, na rage masa sauri, na liƙa takarda mai launi a kan maɓallan kibod. Duk a banza. Wata rana ta zame daga cinyata, ta tafi wajen uwarta. Daga nan ko na kunna kwamfuta ba ta ko leƙowa. Abin ya dame ni sosai, don wannan ne kaɗai wasan da na iya, kuma shi nake son mu yi tare.

Matata Maryam ce ta ɗauko tsohuwar wayarta mai faɗin fuska, ta sa wani gem na kai akuya gida. Da yatsa kake ja mata hanya, ta kauce wa rami da kura. Na ce, "Wannan ai ba gem ba ne, shafe-shafe ne." Maryam ta ce, "Abeg, don Allah Baban Ummi, kai dai zuba ido."

Ummi ta kwantar da wayar a tabarma, ta ɗora yatsanta guda mai taurin nan, ta ja. Akuya ta bi. Babu abin riƙewa, babu abin matsawa, inda ta taɓa nan abin yake. Ta kai akuya gida, ta ɗago ta kalli uwarta, sannan ta kalle ni. Na ga layin maiƙo da yatsanta ya bari a kan gilashin, ya lanƙwasa ya kauce wa ramin, sai ƙamshin man ƙosai da tokar nan mai ɗumi suka dawo mini gaba ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar maƙeri a matsayin labarin wawa. Ashe ba wawa ba ne, gwani ne, awartakinsa ma ba shi da aibi. 'Yarsa ce kawai ba ta wurin ƙarfen za ta same shi ba.

Na gode wa Allah da ya ba ni kaka irin Iya, na gode wa Maryam, har waɗanda suka ƙirƙiro gilashin nan da ban san su ba ina yi musu fatan alheri. Kwamfutata tana nan, ina wasana idan na samu sarari. Amma bayan magariba tabarma muke shimfiɗawa.

A ranar farkon nan, na sauko na zauna kusa da ita na ce bari in gwada. Yatsana ya rufe rabin hanyar, na jefa akuya rami, na sake jefa ta. Ummi ta yi dariya har da kwanciya. Sannan ta tashi, ta kama yatsana da hannunta biyu, ta ɗora a kan gilashin.

"Abba, ba nan ba," ta ce. "Kawo in nuna maka inda za ka bi."