Kanwar da na jiƙa a Lome

Salamu alaikum jama'a. Tun damina ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu suka ce Malama Rabi ta je Lome ta dawo da girman kai. Da ma girman kan ne. Gadon asibiti na sha.

Ni malamar makaranta ce a nan Diffa, maigidana kuma malamin gona ne, kullum yana Shetimari cikin masu tattasai. Yaranmu biyu, Fanna da ƙanenta Bukar. Kogin da ke bakin garinmu ma ba ma barinsu su je saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Shi ya sa da hutu ya zo muka ce bari mu kai su Lome, wurin Musa ƙanen maigida, su ga teku.

Ranar tafiya surukata, wadda yara ke ce wa Kaka, ta ƙulle mini jar kanwa a leda.

"Ruwan ƙasar wasu ba ya karɓar baƙo," in ji ta. "In ciki ya murɗa, ki jiƙa ki sha."

Kowa a nan ya san wannan. Ni ma da shi na tashi.

Washegarin saukarmu na ji ciwo a cibiya. Na ce canjin ruwa ne, na jiƙa kanwa. Ciwon ya gangara gefen dama, ga amai, ga zazzaɓi. Na ƙara jiƙawa. Kullum sai Bukar ya sa takalmi ya tsaya a bakin ƙofa, kullum sai in ce gobe.

Musa ya ce, "Anti, mu je likita mana." Na ce masa kanwar ƙasarmu ta Manga ta fi duk abin da ke cikin kantin maganinsu. Ni da bakina na faɗa, ina ma dariya.

Sai wata safiya ciwon ya ɗauke cak. Muka kira Kaka a waya muka ce maganinta ya ci, har da guɗa ta yi. Na yi wanka, na shirya yara, yau dai sai teku.

A bakin ƙofa na faɗi. Cikina ya yi tauri kamar katako, ko zane ba na iya ɗaurawa.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar, wata mace mai ƙaramar murya, ta tambaye ni da Faransanci ko ciwon ya taɓa lafawa. Na ce e, da safen nan. Ta dube ni ta ce, "Madam, sauƙin da kika ji, lokacin ne ta fashe."

Apandisit ce, 'yar hanjin nan ta gefen dama. Ta kumbura, ta fashe, mugunya ta bazu cikin cikina. Mu kuwa muna can muna guɗa.

Ba a shiga da ni tiyata ba sai da maigida ya sayo komai, daga zare har safar hannu. Abin da muka tara na yawo duk a kantin magani ya ƙare.

Na farka da roba a hanci, roba a gefen ciki tana zubar da abin da ba zan iya kwatanta muku ba. Ba ci, ba sha, sai ƙarin ruwa. Bayan 'yan kwanaki ɗinkin ya yi ruwa, aka warware shi aka bar ciwon a buɗe. Kowace safiya sai an wanke. Ina jin ƙarar keken da masu wankin ke turo kayansu daga nesa nake fara salati.

Amma ba wankin ne ya fi ba ni tsoro ba. Wata rana zazzaɓi ya hau ni sosai, sun ɗauka ban san inda nake ba. Na ji maigida yana tambayar Musa a hankali, "In ta kasance, ina kuke kai namu a garin nan?"

Na buɗe ido, sai ga Fanna tsaye a bayansu da kwanon abinci. Ta ji komai.

Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba. Na fi jin tsoron a binne ni inda babu mai sanin kabarina, yarana su hau motar Diffa da jakar kayana ba ni. Tun daga ranar Fanna ba ta ƙara ambaton teku ba. In Bukar ya tambaya ma, hararar sa take yi.

Allah Ya sa da sauran shan ruwa. Zazzaɓi ya sauka, aka cire robobin ɗaya bayan ɗaya, na fara kurɓar kunu, na fara taka ƙasa ina riƙe da bango. Da aka sallame ni, Musa ya ce a biya da yara bakin teku ko sau ɗaya. Fanna ta ce gida take so.

Har yau ba na ɗaukar bokiti, tabon kuwa daga cibiya har ƙasa. Kaka tana ganina ta fashe da kuka tana cewa ita ta ja mini. Na ce wallahi Kaka ko ba ki ba ni ba, da kaina zan nema.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan, da Musa da matarsa da suka riƙe mini yara, da maigida, da waɗanda suka ji labari a cikinku suka yi ta addu'a.

'Yan uwa, in za ku yi tafiya da yara, ku fara sanin inda asibiti yake kafin ku san wurin yawo. Ciwon cikin da ya kwana, ya koma gefen dama, ga zazzaɓi, ba canjin ruwa ba ne. Ku bar kanwa a miya. In kuma ya lafa farat ɗaya, kada ku yi murna, ku gudu asibiti. Sannan ku kula da abin da kuke faɗa a bakin gadon marar lafiya, yara suna ji.

Ranar da muka sauka Diffa, maƙwabta suka cika gidan. Wata ta kama hannun Fanna tana tsokanarta, "Ke 'yar Lome, ina tsarabarmu?"

Fanna ba ta yi dariya ba. Ta nuna ni da hannu ta ce, "Ga ta nan."