Kiɗan Maƙera a Bakin Tasha

Ni mutuniyar Tibiri ce, lakwal ɗina, wato boko, bai wuce aji uku ba. Da can ƙosai nake soyawa a bakin tashar Dogon Dutsi, da ɗana Sani goye a bayana, kuma ba wanda ya taɓa kuka da ni.

'Yan kabu-kabu ne masu sayena. Ɗayansu, Illa, yana da wani kiɗan Turawa a salularsa, mai ƙara kamar ana dukan ƙarfe, mawaƙin na tsawa kamar an taka masa ƙafa. Muka sa masa suna kiɗan maƙera. Illa ya ce waƙar ta girme mu duka, kuma kirarin ƙwaya ake yi a ciki. Na yarda, don ya fi ni yawo.

Ran nan ya miƙo mini ƙulli. "Yaya, aje mini ƙarƙashin tire, yanzu in dawo." Na aje. Daga ajiya na koma miƙawa, daga miƙawa na koma sari. Taramol ce. Kiɗan ya zama alamarmu: duk wanda ya tsaya ya kunna shi, sai in naɗe masa ƙwaya cikin takardar ƙosai. Ina ganin hannuwansu na rawa. Na ga ranar da Illa ya faɗo daga babur bakinsa na kumfa, amma ban bari ba. Sani kuwa da ya ji kiɗan sai ya kama gyaɗa kai, mu yi ta dariya.

Wata safiya wani baƙo ya tsaya ya kunna, na miƙa. Ashe ɗan sanda ne. Aka kai ni kaso, gidan yari, Inna mahaifiyata ta tafi da Sani Tibiri.

A kaso kiɗan ya ƙi fita kaina. Akwai wata Madam Rahila, Kirista, malamar Ingilishi, mai zuwa gaishe mu. Na yi ta rera mata, tana dariya, har ta je ta nemo shi. Da ta dawo ta ce, "Ƙanwata, wa ya ce miki kirari ne? Ƙwayar ce da kanta ke magana. Tana gaya wa mai shanta ita ke da shi, ita ke juya shi, sai ta gama da shi."

Ni kuwa na san wannan. Ina ƙarama na ga bori wajen garin Lugu: iska ta hau dokinta, baki na mutum, magana tata. Ashe su ma Turawa sun san hawa.

Na tsare Madam da tambaya. Mawaƙin ya sha ne, ko wani nasa ya rasa? Yaya gargaɗi ya ƙetaro teku ya zame mana kiran ciniki? Ta ce ba ta sani ba. Har yau ina so in sani.

Da aka sake ni na tuba, na je na durƙusa gaban uwar Illa, wanda tun faɗuwar nan bai sake hawa babur ba. Da na isa Tibiri Sani bai gane ni ba, ya ɓuya bayan Inna. Amma da marece sai ga shi yana buga kwano da cokali, kiɗan nan sak. Ni na goya shi a cikin kiɗan nan.

'Yan'uwana matasa, kada ku karɓi ƙullin da ba ku kwance ba, kuma in an kunna muku abu, ku tambayi abin da yake faɗi kafin ku gyaɗa kai. Ni ban tambaya ba sai a kaso.

Sani dai ban ƙwace masa cokalin ba. Na zauna ƙasa kusa da shi, na ce, "Ci gaba da bugawa, ɗana. Ni kuma in gaya maka wa ke magana a ciki."